Agogon da sai an bi layi: daɗin ɗaurawa muke nema ko daɗin farashi?

Ɗan Kongo: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna, kuma don Allah kada wani ya ɗauka da shi nake. Na lura kwanan nan duk wanda ya saka hoton agogo a gidan nan, tambayar farko da ke biyo baya ita ce "nawa yake yanzu a kasuwa?" Da can tambayarmu ita ce wane inji ne a ciki, wace shekara aka ƙera shi, yaya yake zama a hannu. To wannan zuzutawa da ake yi wa wasu agoguna, da wuyar samunsu, ƙara mana daɗin harkar suka yi ko cinye shi suka yi?

Abba PZ: Wa alaikumus salam. Yaya, ai wuyar samun ita ce daɗin. Abin da kowa zai shiga Sabon Gari ya ɗauko ya biya ya tafi, ina abin alfahari a ciki?

Maman Ilham: To fa. An fara.

Alhaji Tudun Wada: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bari in ba ku yadda abin yake a can, tunda ina ɗan leƙawa Dubai saboda harkar kaya. Yawancinku hotuna kuke gani, ba ku ga yadda ake cinikin ba.

Manyan kamfanonin nan ba sa sayar wa kowa kai tsaye, sai ta hannun dilolinsu. In ka shiga shagon dila za ka ga agoguna jere cikin gilashi, amma da yawa a cikinsu an ajiye ɗan rubutu a gefe cewa na kallo ne kawai. Za ka iya gwadawa a hannunka, ka ɗauki hoto, ka cire ka ba su abinsu. In ka ce kana so, sai a rubuta sunanka da lambarka a ce za a kira ka. Wannan jerin sunaye kuma ba layin banki ba ne da wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Wanda ya saba kashe kuɗi a shagon shi ake kira. Wato sai ka sayi abin da ba ka so, sarƙar mata ko wani agogo da ya yi kwantai, kafin a ɗauke ka mutum.

Dalilin duk wannan kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin farashin shago da na waje. Agogon Rolex da ake kira Daytona, na ƙarfe, farashinsa a wajen dila dala dubu 14 ne da ɗoriya a farkon 2022, amma a hannun 'yan kasuwa ya haura dubu 40. A lokacin, agogon Nautilus 5711 na kamfanin Patek Philippe kuɗinsa dala dubu 30 da 'yan kai ne a shago, a waje ya wuce dubu 150. Duk wanda dila ya kira, kyautar kuɗi aka ba shi ke nan. To wa zai ƙi rubuta suna? Har wanda bai san yadda ake saita agogon ba yana cikin layi.

Maman Ilham: Alhaji tsaya. Ƙarfe ka ce? Ni duk zatona zinari ne ake wannan rububi a kai.

Alhaji Tudun Wada: Hajiya, ƙarfe ne zalla, irin wanda ba ya tsatsa. Abin mamakin ke nan. Akwai lokacin da na zinarin ya fi na ƙarfen sauƙin samu.

Maman Ilham: Allah mai iko.

Injiniya Samaru: Ni abin da nake so a fara warwarewa shi ne kalmar ƙaranci, don abu biyu ake haɗawa. Rolex ba sa fitar da adadin abin da suke ƙerawa, kamfanin mallakar gidauniyar Hans Wilsdorf ne, ba masu hannun jari da za su tilasta musu bayani. Amma masu nazarin kasuwar sun daɗe suna ƙiyasta kusan miliyan ɗaya a shekara. Miliyan ɗaya fa, kowace shekara. Wannan ba abu ne mai wuyar gani a duniya ba. Patek su ne nasu bai kai dubu 100 a shekara ba, kuma ko su ɗin ba za a kira su 'yan ƙalilan ba.

Saboda haka agogon yana nan birjik. Abin da babu shi ne agogon a farashin shago. In kana da kuɗin waje, yau ɗin nan za a kawo maka Daytona goma ka zaɓa. To wane irin ƙaranci ne wannan da kuɗi ke maganinsa cikin awa ɗaya?

Abba PZ: To ai su suke ɓoyewa da gangan don farashi ya tashi.

Injiniya Samaru: Mutane da yawa haka suke zargi. Rolex dai sun fito a 2021 sun ce ƙarancin ba dabararsu ba ce, buƙata ce ta fi ƙarfin abin da za su iya yi ba tare da sun rage inganci ba. Kuma suna gina sabuwar masana'anta a garin Bulle na Suwizalan. Ni ban ce ka yarda da su duka ba, amma ka tuna ƙarin kuɗin da ake samu a waje ba aljihun kamfani yake shiga ba, na 'yan kayi-na-yi ne. Abin da kamfani ke ci shi ne suna. Shi ma ba ƙaramin ci ba ne.

Ɗan Kongo: Kun ga inda muka nufa ko? Daɗi na tambaya, ga shi mun shafe rabin awa muna lissafin dala.

Abba PZ: 😂😂 Yaya ka kama mu.

Baba Mai Gyara: Salamu alaikum yarana. Yaron shago ne ke rubuta mini, ni idona ya gaji da ƙananan abubuwa tun safe.

Ni abin da zan faɗa daga kan teburina ne. Lokacin da nake koyon aikin nan, agogon da ake ji da shi a garin nan shi ne wanda alhazai ke dawowa da shi daga Makka. Rado, Seiko 5, Orient, Citizen. Mutum zai ɗaura Radonsa ya je gona, ya je kasuwa, ya je ɗaurin aure, alwala kawai ke raba shi da shi. In ya kawo mini, ina buɗewa na san irin rayuwar mai shi. Ga ƙurar hunturu ta shiga, ga gefe ya goge, ga sarƙa ta saki. In na wanke na sa mai na mayar masa, sai ya kara a kunne ya yi murmushi. Ba wanda ya taɓa tambayata nawa zai sayar.

Yanzu kuwa akwai masu zuwa da agogo a cikin kwalinsa, ledar kamfani ma ba a ɓare ba. Ba gyara suke so ba, so suke in duba in ce musu na gaske ne. In na kai hannu zan ɗauka sai ka ga gaban mutum na faɗuwa kada in karce shi. Wani ma cewa ya yi kada in juya maɓallin. To ɗana, agogo mai inji in ya shekara da shekaru a kwance, man da ke ciki bushewa yake yi ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba. Ajiya ba ta hana shi neman wanki. Kai dai ka hana kanka ne kawai.

Maman Ilham: Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan magana ta shige ni.

Abba PZ: Baba ina gaisuwa. Amma a yi mini adalci, zamani ne ya canza. Ni in ba don wannan zuzutawar da kuke kushewa ba, da ban san akwai wani abu wai shi agogo mai inji ba. A Instagram na fara ganin agogon Royal Oak na kamfanin Audemars Piguet a hannun 'yan ƙwallo da mawaƙa, na ce me ya sa wannan abu yake da tsada haka. Daga nan na fara karatu, na san Gérald Genta ne ya zana shi aka fitar a 1972, shi ne kuma ya zana Nautilus na 1976. Daga nan na gangaro na sayi Seiko da kuɗin da nake da shi, yanzu har ina iya bambance injin da ke bugawa a hankali da mai sauri. Da babu hayaniyar da har yanzu wayata nake dubawa in ga lokaci. Kuma farauta tana da daɗinta. Ka yi wata da watanni kana neman abu, kana tambaya, kana bibiya, ranar da ya shigo hannunka ba ka iya barci. Wannan ba daɗi ba ne?

Ɗan Kongo: Wannan gaskiya ne Abba, ban musa ba. Tambayata ita ce bayan ya shigo hannun. Sati biyu da samu, daɗin yana nan ko ka koma neman na gaba?

Abba PZ: Ya danganta da agogon 😅

Injiniya Samaru: Tunda ka kawo Royal Oak, ka ƙarasa labarin. Lokacin da Audemars Piguet suka fitar da shi, mutane mamaki suka yi, agogon ƙarfe da kuɗin na zinari, kuma bai samu karɓuwa nan take ba. Daytona ma da aka fara a 1963 ba ya cikin masu tafiya a kasuwa, musamman mai irin fuskar nan da daga baya aka laƙaba wa sunan Paul Newman, ɗan wasan fim na Amurka. Zama yake a shaguna ba mai so. Shi ne a 2017 aka yi gwanjon na hannun shi Paul Newman ɗin kansa a kan dala miliyan 17.8. Ƙarfen bai canza ba, injin bai canza ba. Labarin da ake bayarwa a kansa ne ya canza.

Abin da ke damuna da yayi shi ne yana kashe wa mutum ido. Ka daina ganin abin da ke gabanka, sai abin da aka ce maka ka gani. Ku tuna ƙarshen 2021, da Patek suka yi 5711 mai fuska shuɗiya irin launin kamfanin kayan ado na Tiffany guda 170 kacal, aka yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 6.5. Cikin 'yan kwanaki duk wani agogo mai wannan launi ya tashi, har Oyster Perpetual na Rolex da ba shi da alaƙa da su ya ninka kuɗinsa sau da yawa. Mutanen da watanni kaɗan kafin nan za su ce launin na yara ne, su ne suka koma rantsuwa ba su taɓa ganin mai kyansa ba.

Alhaji Tudun Wada: Injiniya ka manta da MoonSwatch.

Injiniya Samaru: Ina zuwa kansa Alhaji. Watan Maris na 2022, Omega da Swatch suka haɗu suka yi shi, dala 260, mai batir, jikinsa haɗin roba da wani sinadari. Kamfanin ya faɗa da bakinsa cewa ba ƙayyadadden adadi ba ne, za a ci gaba da yi. Duk da haka mutane suka kwana a bakin shaguna, a wasu birane sai da aka rufe shago saboda turmutsutsu, aka riƙa sayar da shi a intanet ninki-ba-ninki. Ba ƙaranci a nan, tsoron kada a bar mutum a baya ne kawai. Wanda ya yi haƙuri ya saya daga baya a kuɗinsa.

Abba PZ: Ni dai har yanzu ina son samfurinsa da aka sa wa sunan Mars ɗin, ku faɗi abin da za ku faɗa.

Injiniya Samaru: Ka so shi mana, ba laifi. In ka so shi yanzu da hayaniyar ta kwanta, to kai ne ka so shi.

Malam Banzazzau: Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu Zazzagawa bai kamata a rikita mu da maganar ƙaranci ba, don mun san na gaskiya. Ka je cikin birni ka ba da aikin babbar riga ta hannu, aska takwas cikakkiya. Za a ce maka sai bayan watanni, kuma ba don ana ja maka rai ba. Mutum ne zai zauna da allura yana bi daki-daki, ba yadda za a yi ya yi sauri. In ka karɓa ka san abin da ka jira, kana ganinsa a jikin rigar. Kuma ba wanda zai ce sai ka fara sayen huluna biyar kafin a karɓi aikinka. A harkar agogo ma akwai irin wannan, ƙananan maƙera da ke yin 'yan kaɗan a shekara da hannunsu. Jiran nasu yana da ma'ana. Amma jiran abin da inji ke fitarwa dubu-dubu, don kawai mai shago ya ga damar kiranka, wannan ni ban ga daɗi a ciki ba, ƙasƙanci na gani.

Alhaji Tudun Wada: Malam Allah ya gafarta, kalmar ta yi nauyi amma akwai gaskiya. Na taɓa shiga wani shago a can, ba zan faɗi suna ba, yaron da bai kai ɗana ba ya dube ni sama da ƙasa yana tambayata me na taɓa saya a wurinsu. Da kuɗina a aljihu. Na fito raina a ɓace.

Amma bari in kare ɓangarena, don na ga kowa ya taso wa masu lissafin farashi. Mu a Najeriya muke. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye kuɗinsa a agogo mai suna, ko da farashin ya sauka a dala, in ya juya zuwa naira bai yi asara ba. Wanda ya bar su a banki fa? To in mutum ya tambayi nawa agogo yake a kasuwa, ba lallai kwaɗayi ba ne. Tsoron narkewar dukiya ne. Bature yana da zaɓi da yawa, mu namu kaɗan ne.

Injiniya Samaru: Alhaji da girmamawa, wannan ribar dala ce, ba ta agogo ba. Da dalar ka riƙe a hannu da ka fi samu, don tun daga bazarar 2022 farashin agogunan nan a waje ya yi ta sauka, aka ƙara kuɗin ruwa a Amurka, kuɗin kirifto suka faɗi, masu saye don sayarwa suka fito da kayansu gaba ɗaya. Wanda ya sayi 5711 a ƙololuwa ya ga kuɗinsa sun zube sosai. Sannan wa zai saya a hannunka a Zariya? Sai ka kai Abuja ko Legas ko ka koma Dubai, dillali ya cire nasa, ya ce kwali ya ɗan yage, ya ce an goge gefe. Farashin da kake gani a waya na mai sayarwa ne, ba shi za a ba ka ba.

Alhaji Tudun Wada: Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ban ce babu haɗari ba. Amma dala ba a ɗaura ta a hannu a je Hawan Daushe.

Maman Ilham: Alhaji tsakaninka da Allah, kana ɗaura shi ka shiga cunkoson hawa?

Alhaji Tudun Wada: Hajiya kin cika bincike 😄 Casio nake sawa ranar.

Maman Ilham: To ka gani. Nan nake so a zo. Maigidana yana da guda ɗaya da ya fi ji da shi, ni na fi shi ganinsa, don ni ke buɗe durowar. In za shi Kaduna ba ya sawa, hanya. In za shi biki ba ya sawa, idon mutane, kada 'yan'uwa su ce ashe akwai kuɗi ake ce musu babu. In za shi masallaci ba ya sawa, kada ya cire wajen alwala ya manta. Sai dare ya yi ya fito da shi ya goge ya duba waya ya ga ya hau ko ya sauka. Ranar da ya sauka har a fuska ake gani. Ni kuwa na ce wannan ai ba kai ke da agogo ba.

Abba PZ: Anti kin tona asirin Yaya a bainar jama'a 😂

Maman Ilham: Ba ya cikin gidan nan, kuma ko yana ciki ya san gaskiya na faɗa.

Ɗan Kongo: Akwai wani abin dariya kuma da ba a faɗa. A nan garin, in ka ɗaura na gasken, kashi biyu za ka haɗu da su. Waɗanda ba su san shi ba, ba ruwansu. Waɗanda suka san shi kuma za su ɗauka jabu ne, don irinsa na nan a tire ana yawo da shi a Kwangila. Wato wanda ya saya don a gani, ko ganin ma bai samu ba. Sai ya buɗe baki ya yi bayani, in ya yi bayani kuma ya zama mai fariya.

Injiniya Samaru: Wannan ma ribar zuzutawa ce. Duk agogon da ya yi tashe shi masu jabu ke bi. Ba ka taɓa ganin an wahala wajen kwaikwayon agogon da ba a magana a kansa.

Malam Banzazzau: Tunda an shigo maganar ajiya don riba, bari in tuna mana abu biyu, kada sha'awa ta rufe mana ido. Na farko, zinari haramun ne ga namiji ya sa, saboda haka masu hangen na zinari ko mai haɗin zinari su yi hattara. Na biyu, niyya tana canza hukunci. Agogon da ka saya don ka ɗaura, kayan amfaninka ne, babu zakka a kansa ko nawa ya kai. Wanda ka saya da niyyar sayarwa kuwa ya zama hajar kasuwanci. A mazhabarmu ta Malikiyya an bambanta mai juya haja kullum, wanda zai ƙiyasta kayansa duk shekara ya fitar, da mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta tashi, wanda zai fitar ta shekara ɗaya ranar da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Saboda haka masu cewa jari ne, to su san jari yana da haƙƙi. Kowa ya je ya zauna da malaminsa a kan nasa yanayin.

Alhaji Tudun Wada: Malam to wanda ya saya da niyya biyu fa? Yana ɗaurawa jefi-jefi, amma in ya samu farashi mai kyau zai sayar.

Malam Banzazzau: Alhaji wannan sai mun zauna, ba ta waya ba ce. Ka same ni bayan la'asar.

Baba Mai Gyara: Bari in ƙara ɗaya kafin in rufe shago. Ku yara ba ku ga lokacin da agogo mai batir ya shigo ba. Seiko ne suka fara fitar da shi a Japan a ƙarshen 1969, kafin a ce haka ya cika duniya, ya yi arha, kuma ya fi mai inji riƙe lokaci nesa ba kusa ba. Kamfanonin Suwizalan da yawa suka rufe, ma'aikata suka rasa aiki. A nan ma mutane suka riƙa jefar da masu inji a kwandon shara, wasu su bar mini su a shago ba su dawo ba. A lokacin mai batir shi ne yayi, wanda ke ɗaure da mai inji shi ne ɗan ƙauye. Yau ga shi an juyo. Har gobe Casio ɗin da Alhaji ke sawa ranar hawa ya fi Rolex faɗin lokaci daidai, su da kansu alƙawarin da suke yi shi ne kada ya wuce daƙiƙa 2 gaba ko baya a rana, mai batir kuwa sai ya yi kwanaki bai kauce haka ba.

To in ba don lokaci ake sayensa ba, saura me? Saura aikin da ke ciki. Ku zo shago wata rana in buɗe muku bayan guda ɗaya, in ba ku gilashin ido ku ga yadda ƙaramar ƙafar nan ke kai da komowa, yadda aka goge ƙarfen da ba wanda zai taɓa gani sai irina. Yawancin masu rububin nan ba su taɓa ganin cikin abin da suka saya ba.

Ɗan Kongo: Baba wallahi zan zo. Asabar in Allah ya kai mu.

Injiniya Samaru: Ni ma a sa da ni. Zan zo da Orient ɗin mahaifina, ya daɗe a tsaye.

Abba PZ: Ni fa har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Duk ku da kuke cewa ba ruwanku da yayi, in dila ya kira ku gobe ya ce ga Daytona a farashin shago, akwai wanda zai ce a'a?

Injiniya Samaru: Zan karɓa mana. In sayar in sayi guda uku da nake so, in biya kuɗin makarantar yara da canjin.

Abba PZ: To ka zama ɗan kayi-na-yin da kake zagi ke nan.

Injiniya Samaru: Na zama. Shi ya sa na ce tsarin ne ya lalace. In tazarar ta kai haka, har mai son agogo tsakani da Allah sai ya koma ɗan kasuwa. Kamfanonin ma sun gane, shi ya sa Rolex suka fara sayar da na hannu da tambarin tantancewarsu a ƙarshen 2022, a 2023 kuma suka sayi Bucherer, ɗaya daga cikin manyan dilolinsu. Sun ga kuɗin da ke yawo a waje sun ce su ma a dama da su.

Alhaji Tudun Wada: Kuma saukar farashin nan alheri ce ga irinsu Ɗan Kongo. Yanzu abubuwa da dama da a da sai da roƙo, kana shiga ana ba ka kujera ana kawo shayi. Masu neman riba sun watse sun koma wata harkar.

Ɗan Kongo: Alhaji ni ko an kawo shayin, aljihuna bai kai can ba tukuna 😄 Seiko ɗina ya ishe ni rigima.

Abba PZ: Af, tunda Baba bai tafi ba. Baba akwai wani a Instagram da ya ce yana da Rolex Submariner na hannu, da kwali da kati da rasit, wai matsuwa ce ta sa zai sayar, kuɗin bai kai rabin na kasuwa ba. Ya ce akwai mutum biyu da ke jira, in ina so in tura wani abu yau ya riƙe mini. Na turo hotunan ta bayan fage.

Maman Ilham: Abba! Duk abin da aka faɗa tun ɗazu a bayan kunnenka ya bi?

Baba Mai Gyara: Ɗana kada ka tura ko sisi. Hoto ba ya nuna komai, jabun yanzu ko a hannu sai an lura, kuma kwali da kati da rasit duk ana buga su. Ka ce masa ya zo da shi Sabon Gari, a buɗe bayansa a gabansa da gabanka, in duba injin in duba lambar. Kuɗin dubawa ni na yafe. In yana wani gari, ya ba wani nasa ya kawo.

Abba PZ: To Baba, na tura masa saƙon.

Abba PZ: Ya karanta. Ya ce wai buɗewa zai rage masa daraja, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun ya riga ya biya.